Ajin Da Ƙuri'a Ta Tsallake

Lahadi, mako na uku na zangon farko

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Ina fata kana shafa maganin safe da yamma, ba sai ranar da Inna ta tsaya a kanka ba. Mu nan lafiya lau. Jikokinka suna gaishe ka, babansu ma ya ce in miƙa tasa gaisuwar.

Ga ni na koma biro da takarda kamar yadda ka ce, tunda ka rantse waya ba ta kawo maka komai sai ƙarar iska. Ni dai na san kunnen ne, amma ba zan ja da kai ba. Direban motar safe zai riƙa kawo maka wasiƙa, shi ne kuma zai karɓo mini amsa.

Ranar da na zo buɗe aikin nan a tsohuwar makarantarka ba mu samu zama ba, don haka bari in yi maka bayani da kaina, kada ka ji a bakin mutane an ƙara gishiri. Ka san shekara uku ke nan ina fama da digirin nan na uku, kuma duk abin da na rubuta ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: yaro ya fi saurin iya karatu idan aka ba shi ɗan littafi a hannunsa yana haɗa baƙi da wasali gaɓa-gaɓa, ko kuwa idan malami ya rubuta jimla a allo, aji duka suna maimaitawa har su haddace? A sashenmu na jami'a an rabu gida biyu. Farfesa, wanda ke duba aikina, ya ce zamanin da malami zai ce ya gani da idonsa ya wuce, komai sai an auna. Wanda muke ofis ɗaya da shi kuma, mun sa masa suna Dakta Amma saboda duk maganarsa da amma take farawa, shi cewa yake yara ba irin shuka ba ne da za a raba su kunya-kunya a ga wanda ya fi tsiro.

Ga yadda muka tsara. 'Yan aji biyu a makarantar ɗakuna biyu ne, na gabas da na yamma. Muka naɗe takarda biyu muka jefa a hular hedimasta, ƙuri'a ta faɗa wa gabas. Su za su samu littafina. Ajin yamma za su ci gaba da allo da maimaitawa har ƙarshen shekara, domin su ne ma'aunina. In an ga bambanci a fili, ofishin ilimi ya yi alkawarin buga littafin a raba wa makarantu duka, ni kuma in karɓi digirina. In kuwa shafi ɗaya ya shiga ajin yamma, aikin shekara uku ya lalace.

Na gwada su duka kafin a fara, yaro hamsin da biyu a gabas, hamsin da huɗu a yamma. Kowa na ba shi takarda, na danna agogo, na ƙirga kalmomin da ya karanta a minti ɗaya. Da ƙyar suke kai uku. Rabinsu ko ɗaya ba su iya ba, Baba, har na ji hawaye ya zo mini.

Ka san halina, ba na yarda da inuwata. Malamar ajin yamma, wannan siririyar da ba ta rabo da lema ko rana ko ruwa, ban ji daɗin fuskarta ba lokacin da aka buɗe ƙuri'a. Ta nemi in ba ta littafin ta gani, ta riƙe shi fiye da ƙima, tana juya shafi a hankali kamar mai hadda. Shi ya sa na sa wa littattafan lamba, ɗaya zuwa sittin, kullum aka tashi a tara su a kulle a kabad ɗin hedimasta. Kai kuma gidanka yana bayan makarantar, shekara goma sha tara ka yi kana shugabantarta, ba abin da zai motsa ba ka ji ba. Don Allah ka sa mini ido.

A cikin ƙunshin nan akwai kwafin farko da ya fito daga maɗaba'a, na gwaji, ba shi da lamba. Naka ne, domin daga wurinka na ɗauko shi. Har yau ina tuna yadda kake rufe mini kalma da babban yatsa kana janyewa kaɗan-kaɗan, in na kai ƙarshe in ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya alamar na kama ta. Farfesa ya ce yatsu ba girmansu ɗaya ba, don haka yaran gabas da ɗan yankin kwali suke yi. Ka ajiye shi a akwati, kada ka nuna wa kowa.

Ka gaida Inna da kyau. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Laraba, mako na biyu na zango na biyu

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata sanyin nan bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Ƙaramin jikanka ya yi zazzaɓi kwana biyu, yanzu ya miƙe har yana ɓarna.

Wasiƙarka tana nan a jakata tun wancan zangon, kuma tambayar da ka rufe ta da ita ba ta bar ni na sake ba. Ka ce yaran yamma sau nawa za su yi aji biyu a rayuwarsu. Na gane inda ka dosa, tsohon malami ba ya tambaya banza. Amsata ita ce wadda Farfesa ke ba ɗalibai: ba mu ƙwace musu komai ba, abin da suke samu bara shi suke samu bana. Haƙurin yaro hamsin da huɗu na shekara ɗaya shi zai sa dubbai su samu littafi. Kuma in ba a auna ba, ta yaya za mu san ba son abin da na haifa ne ke ruɗa ta ba? Hanyoyi nawa aka kawo a zamaninka da ganga da kakaki, aka watsar bayan shekara biyu? Kai ka ba ni labarinsu da bakinka.

Yanzu ga abin da ya hana ni cin abinci. Na gama haɗa makin gwajin tsakiya. Gabas sun tashi daga kalma uku zuwa goma sha huɗu, na yi hamdala. Sai na juya shafi na ga yamma sun kai goma sha ɗaya. Goma sha ɗaya, Baba, a ajin da ba a sake komai ba, allo ɗaya, malama ɗaya, maimaitawa ɗaya. Shekara biyar na duba a tsofaffin takardun makarantar, ba a taɓa yin haka ba. Da walakin goro a miya.

Wanda na fara zargi shi ne Dakta Amma, Allah ya yafe mini in na ɗauki alhakinsa. Teburinsa na kallon nawa, kuma sau biyu na dawo daga aji na tarar kujerata ba yadda na bar ta ba. Da na faɗa masa sakamakon sai ya yi wani murmushi, ya ce amma ai abin farin ciki ne yara su iya karatu. Na sake lambar sirrin kwamfutata, na ɗauko takardun gwajin ɗaya bayan ɗaya na sake ƙirgawa da hannu. Lissafin bai motsa ba. Ba a taɓa mini maki ba, yaran ne da gaske suke karantawa.

Sai na aika wa hedimasta ya ƙirga littattafai a gaban shaida. Sittin cif, hamsin da biyu na yara, takwas na ajiya, ba wanda ya yage. Amma ƙirga littafi ba ya hana a kwafe shi. Mabuɗin kabad ɗin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, kowa ya san wurin, kuma an ce mini Malama Mai Lema ita ke riga kowa zuwa da safe. Me take yi a makaranta tun kafin mai shara ya iso?

Ba ka ce mini komai ba game da sa idon da na roƙe ka. Ko ka ga wani abu kana jin nauyin faɗa don ɗiyar mutane ce? Ka faɗa mini kawai, ni na san yadda zan bi da shi.

Ga allin da ka ce in aiko. Ka ce na tururuwa ne, kana ja musu layi a bakin ƙofa. Kwali guda, Baba? Sai ka ce tururuwar unguwa duka gidanmu suka tare. Na haɗa maka da sabon tabarau, tunda ka ce tsohon ba ya ganin ƙananan rubutu.

A gaida Inna, a ce mata zanen ya yi mini kyau.

Taka,
Auta

*

Juma'a, mako na huɗu na zango na uku

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Inna ta ce mini a waya muryarka ta dishe tun makon jiya. Ka rage hira da tsofaffin abokanka, ka sha ruwan ɗumi. Ta kuma ce tabarmi uku sun mutu a zaure cikin wata huɗu, har ka sa kafinta ya haɗa benci. Ashe majalisarka ta bunƙasa haka ban sani ba.

Amsarka ta ƙarshe layi huɗu ce, biyu gaisuwa, biyu addu'a. Kai da ke cika mini shafi uku a kan yadda na riƙe biro. Ban san me na yi ba, amma bari in ba ka labari, wataƙila ka huce.

Na kama bakin zaren. Na daina kallon ajin yamma a dunƙule, na bi yaran ɗaya-ɗaya. Ashe ba duka suka tashi ba. Talatin da ɗaya suna nan inda na san su, kalma huɗu ko biyar. Ashirin da uku ne suka yi sama, har wasu sun wuce na gabas. Na ɗauko rajista na duba inda kowanne yake zaune, sai na ga duk ashirin da ukun daga layin bayan makaranta suke, da lungu biyun da ke manne da shi. Ka san wa ke haya a ƙarshen layin nan, gidan da ke da koren ƙyaure? Malama Mai Lema. Ruwa ba ya tsami banza.

Na kira ta ofishin ilimi a gaban hedimasta. Ta rantse ba ta taɓa kwafar shafi ɗaya ba, ta ce sammakon da take yi don ta share ajinta ne ta rubuta darasi a allo kafin yara su zo. Na tambaye ta ko ba ta lura yaran sun canza ba. Ta ce ta lura. Na ce to me ya hana ta faɗa? Sai ta sunkuyar da kai tana murza hannun lemar, ta ce ita in yaro ya iya karatu ba ta tambayarsa a ina ya samo. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, Baba. Idonta bai haɗu da nawa ba ko sau ɗaya, kuma na tabbata akwai abin da ta sani ta haɗiye.

Farfesa ya nuna mini mafita a cikin dokar kwamitin bincike. In aka tabbatar ma'aikaciyar makaranta ce ta karya sharaɗi ba da sanina ba, za a yarda in cire yaran nan ashirin da uku daga lissafi. Sauran talatin da ɗaya sun isa ma'auni, bambancin zai fito ƙarara, aikina ya tsira. In ba a samu mai laifi ba, ko aka ga sakacin daga wurina ne, sai a soke gwajin gaba ɗaya.

Na rubuta ƙorafi na sa hannu ranar Litinin. An ba ta takardar tuhuma, za a zauna a kanta bayan jarrabawar ƙarshe. Hedimasta ya ce ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna, don haka abin zai iya kai wa ga sallama, kuma ita ke riƙe da mahaifiyarta. Ba zan ɓoye maka ba, na ji ba daɗi. Amma ta sa hannu a sharaɗin kamar kowa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ka yi mini addu'a. Ka gaida Inna.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta

*

Asabar, mako na biyar

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa, ina fata muryar ta buɗe.

Direba ya kawo mini takardarka, layi ɗaya tal: in janye ƙorafin, in zo gida. Ba dalili, ba bayani. Na karanta ta sau biyar.

Gaya mini gaskiya, zuwa ta yi ta yi maka kuka? Na san zuciyarka, duk malamin da ya durƙusa a zaurenka ya zama ɗanka. Ko hedimasta ne ya turo ta, don ya san ba na iya tsallake maganarka? In haka ne sun yi mini wayo, kuma ban ji daɗi ba da aka biyo ta kanka. Ban taɓa ƙin umarninka ba, amma takarda ta riga ta shiga ofis, ba ta fita sai da hujja.

Ina nan zuwa ranar Talata ta mako na tara don gwajin ƙarshe. Zan kwana a gida, sai mu yi magana.

Auta

*

Alhamis, makon ƙarshe na shekara

Zuwa ga mahaifina, malamina na farko,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina fata kun tashi lafiya, ƙafar kuma da sauƙi. Na iso gida lafiya ranar Laraba ta makon jiya. Na san ka lura na tafi ban tsaya mun yi maganar da na ce za mu yi ba. Kunnenka sai an ɗaga murya, abin da ke bakina kuwa ba na ɗaga murya ba ne, bare a gaban Inna. Shi ya sa na bari sai a takarda.

Ranar Talata na gama da gabas kafin tara da rabi, na koma yamma. Malama Mai Lema ta fitar mini da tebur baranda, ta koma ciki. Yarinya ta huɗu da ta zo wata 'yar ƙarama ce mai wushirya, rigarta ta yi mata yawa. Na miƙa mata takarda, na danna agogo. Sai ta ɗora babban yatsanta a kan kalmar farko ta rufe ta, ta riƙa janyewa kaɗan-kaɗan tana haɗawa. Da ta kai ƙarshe, ta ƙwanƙwasa tebur sau ɗaya.

Na manta da agogon, Baba, har ya wuce minti biyu. A gwajin tsakiya ɗalibaina ne suka zauna da yaran, ni maki kawai na gani. Yatsa ba ya cikin littafina. Ƙwanƙwasa tebur ba ya cikin littafin kowa a duniya. Yaro na bakwai ma ya yi haka, ta tara ta yi, har ashirin da uku, ban tambayi ko ɗaya inda ya koya ba. Wata tara ina zaton wuta a maƙera. Na zargi abokin aikina, na zargi mabuɗi a ƙusa, na zargi baiwar Allah da lemarta, na ƙirga littafi sittin har sau uku, ban taɓa ƙirga na sittin da ɗaya ba. Ni na aiko maka da alli, ni na aiko maka da tabarau, har ina yi maka tsiyar tururuwa.

Da na shiga ofis, hedimasta ya rufe ƙofa ya ce ka zo wurinsa da sandarka tun makonni huɗu da suka wuce, ka ce kai ne, a rubuta. Yana dariya yana ba ni labari, wai tsoho ya ga yarinya za ta rasa aiki yana so ya ɗauke mata. Bai rubuta ba. Ya ce ko da gaske ne, shi ba zai sa sunan wanda ya koya masa riƙe alli a takardar tuhuma ba, kuma ba wanda zai ji daga bakinsa. Ya ba ni shawara in bar abin yadda yake.

Na zo gida na ga sauran. Ƙyauren tsohon kabad da ka shafa wa baƙin fenti yana jingine bayan ƙofar zaure. A kan gadona kuma ka ajiye mini littafin, ba a akwati ba, a fili. Bangonsa ya yi baƙi da hannun yara, Inna ta ɗinke bayansa da zare, kowane shafi da alamar fensirinka a gefe. Ka zauna a kujerarka kana jiran in yi magana, ni kuma na tambaye ka ƙafa. A kicin Inna ta faɗa mini yadda aka fara. Ta ce kana zaune a ƙofar gida da yamma kana duba littafin, 'yar maƙwabta mai wushiryar nan ta tsaya tana kallon hoton akuyar da ke bangonsa, ta tambaye ka me aka rubuta a ƙasa. Ta ce sai ka ce mata ta matso. Washegari ta zo da biyu. Ta ce Malama Mai Lema ta sha wucewa ta gan ku, kuma ko a gaban hukuma ba ta ambaci sunanka ba.

Zan faɗa maka abin da ke raina, domin kai ka hana ni ƙarya. Ka ci amanata, Baba. Na roƙe ka abu ɗaya, na gaya maka abin da zai jawo, kuma wata da watanni ina kawo maka kukana kana amsa mini da addu'a. Da tun zangon farko ka faɗa, da ban taɓa mutuncin matar nan ba. Ka bar ni na zama azzaluma da sa hannuna. Na yi kuka a mota tun daga tasha har gida, direba yana ta satar kallona ta madubi.

Kwana uku takarda biyu suna kan teburina, kwafin ƙorafin da kuma wadda na amsa laifina a ciki. Da na faɗa wa Farfesa, ya ce shi bai ji komai ba, ƙorafi ya riga ya shiga, in yi shiru wata shida in zama dakta. Ba zan yi maka ƙarya ba, na so in yi shirun. Ba wanda zai tona, kai da Malama Mai Lema kuwa kun nuna kun iya riƙe baki.

Abin da ya karya ni makin ƙarshe ne. Gabas kalma ashirin da huɗu. Yaranka kalma ashirin da bakwai, da littafi ɗaya tak. Dakta Amma ya duba ya ce amma yanzu ta yaya zan san littafin ne ke aiki, ba zaman da babba ke yi da yaro har sai ya kama ba? Wannan karon bai yi murmushi ba, shayi ya haɗa mini. Sai na sauko kan sauran talatin da ɗaya, waɗanda gidajensu ke can tsallaken titi, ba su san zaurenka ba. Kalma shida. Su ne kaɗai abin ya tafi a kansu yadda na tsara, su ne hujjar da zan ɗauka in je in karɓo digiri. Na gwada su da hannuna ranar Talata, na ga yadda suke kallon takarda su kalle ni, suna jiran in faɗa su maimaita. Nan da sati shida za su shiga aji uku. Ka tambaye ni sau nawa yaro ke yin aji biyu, na cika maka shafi da bayanin Farfesa. Sau ɗaya ne, Baba.

Ranar Litinin na kai wa kwamiti takarda. Na rubuta cewa ni na fitar da kwafi marar lamba na ba mahaifina, sakacin nawa ne, malamar ba ta da hannu. Na janye ƙorafin, an soke zaman tuhumar. Jiya suka kira ni, sun soke gwajin duka. Zan sake daga farko a wata makaranta, shekara biyu ko fiye, in ma sun yarda. Farfesa bai amsa gaisuwata ba yau da safe. Har yanzu ina ganin awo yana da amfani, ba ka canza mini ra'ayi a kan wannan ba, sai dai zan nemi hanyar da ba sai an bar wasu a baya ba, ko da za ta fi wuya.

Saura abu mafi nauyi, in je gida mai koren ƙyaure in durƙusa. Ba zan aika takarda ba, da ƙafata zan je. Kai ma za ka raka ni, domin rabin kunyar taka ce.

A cikin ƙunshin nan akwai littattafai takwas na ajiya da na ɗauko daga kabad ɗin hedimasta, ba sauran amfanin kulle su. A ƙarƙashinsu akwai takarda mai suna talatin da ɗaya, kowanne da sunan mahaifinsa da layin gidansu. Hutu sati shida ne. Kai ba ka iya tsallaka titin nan da ƙafarka, don haka ni zan bi gida-gida in kawo su. Na ɗauki hutuna, ina zuwa ranar Asabar da motar safe, da jikokinka, da kwalin alli biyu.

Ban huce ba tukuna, ka sani. Amma ka sa kafinta ya ƙara benci, ka ce wa Inna ta nemo tabarma ta huɗu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗe muryar kafin Asabar.

'Yarka, ɗalibarka,
Auta